Faifan Safiyar Lahadi: Daga Zauren Biyana Zuwa Tashar Bobigny

Hanya biyu ake bi wajen ɗaukar kiɗa a faifai. Ta farko ita ce a shigar da makaɗa ɗakin ɗaukar sauti, a rufe ƙofa, su yi ta maimaitawa har a sami abin da ba shi da aibu. Ta biyu kuwa ita ce a kai na'ura inda ake wasa a gaban jama'a, a bar ta ta kwashe duk abin da ya gudana: gwanintar makaɗa da tuntuɓensu, tarin 'yan kallo, har da motsin kujeru. Masana sun daɗe suna gardama a kan wadda ta fi. Amma akwai abu guda da ba a musu a kansa, watau faifan da aka ɗauka a gaban jama'a shaida ne na wata rana da wasu mutane, kuma wani lokaci shaidar takan zarce abin da masu ɗaukar suka yi nufi.

Da wuya a sami faifan da ya tabbatar da wannan magana kamar wanda aka ɗauka a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya ran Lahadi, 16 ga Janairu, 1938. A safiyar nan ƙungiyar makaɗan Filharmonik ta Biyana ta kaɗa Simfoni ta Tara ta Gustav Mahler, ƙarƙashin jagorancin Bruno Walter. Wanda ya bi sawun mutanen da suka hau dandamali ran nan, da iyalansu, zai ratsa Faris da Landan da ƙasar Holan, har sawun ya kai shi wata tsohuwar tashar jirgin ƙasa a garin Bobigny, wanda ake furtawa Bobinyi, a arewa maso gabashin Faris.

Mai kiɗa da kiɗansa

Simfoni dogon kiɗa ne da ake rubutawa domin babbar ƙungiyar makaɗa, yawanci ba tare da waƙa ba. Idan a ƙasar Hausa babban mawaƙi yakan kasance da bakandamiyarsa, wadda yake zuba iyakar fasaharsa a ciki, to, simfoni ita ce bakandamiyar masu tsara kiɗa na Turai. A ƙarni na 19, zamanin da Turawa ke kira na Romantik, masu tsara kiɗa suka mai da hankali ga bayyana abin da ke cikin zuciya, na bege da fargaba da baƙin ciki. Kafin ƙarshen zamanin nan ƙungiyoyin makaɗa sun bunƙasa har sun kai mutum ɗari, da gogen Turawa manya da ƙanana, da sarewa, da algaita, da ƙaho, da tambura, simfoni guda kuma ta wuce sa'a ɗaya ana kaɗa ta. Mahler yana cikin na ƙarshe, kuma cikin mafiya girma, a wannan layi.

An haife shi a 1860 a ƙasar Bohemiya, cikin gidan Yahudawa. A 1897 aka naɗa shi shugaban gidan opera na fadar Biyana, watau gidan wasan kwaikwayo na waƙa, muƙamin da ya fi kowane daraja a harkar kiɗa a daular Ostiriya. Kafin a ba shi sai da ya shiga ɗarikar Katolika, amma wannan bai hana jaridu masu ƙyamar Yahudawa yi masa zagon ƙasa shekara goma ba. A 1907 abubuwa uku suka auka masa a jere: babbar 'yarsa Maria ta rasu tana ƙaramar yarinya, likita ya gano yana da ciwon zuciya, sa'an nan ya bar muƙaminsa na Biyana. Ya rubuta yawancin Simfoni ta Tara da bazarar 1909, a wata 'yar bukka kusa da Toblach, cikin duwatsun Tirol. Ya rasu ran 18 ga Mayu, 1911, bai taɓa jin an kaɗa ta ba.

Simfonin tana da kashi huɗu. Na farko ya fara da wani bugu mai tangal-tangal, wanda wasu masana suka kwatanta da bugun zuciya marar lafiya. Na biyu rawar ƙauyawan Ostiriya ce da aka karkata ta har ta zama ba'a. Na uku gudu ne mai zafi da ɗaci. Na huɗu kuwa, wanda shi ne ya fi shahara, kiɗa ne mai tafiya a hankali, goguna ke ɗauke da shi, yana raguwa kaɗan kaɗan har ya koma kamar numfashi. A kan sautin ƙarshe Mahler ya rubuta wa makaɗa umarni cewa su bar shi ya mutu.

Wanda ya fara kaɗa ta a duniya shi ne Bruno Walter, ran 26 ga Yuni, 1912, a Biyana, tare da wannan ƙungiya ta Filharmonik. Walter, haifaffen Balin ne na 1876, ya fara aiki ƙarƙashin Mahler a Hamburg tun 1894, ya kuma bi shi Biyana a 1901. Ba wanda ya san nufin Mahler kamarsa. Sa'ad da Hitler ya hau mulki a 1933, aka hana Walter kiɗa a Leipzig da Balin saboda asalinsa na Bayahude, aka kuma kawar da kiɗan Mahler daga zaurukan Jamus. Sai Walter ya mai da Biyana gida.

Yadda aka ɗauki faifan

Mutumin da ya ga ya kamata a ɗauki wasan nan shi ne Fred Gaisberg, Ba'amurke mazaunin Landan, babban jami'in ɗaukar sauti na kamfanin His Master's Voice. Dattawan da suka mallaki garmaho za su tuna da tambarin kamfanin, mai hoton kare yana sauraron bakin ƙaho. Gaisberg ne ya ɗauki muryar Enrico Caruso a Milan a 1902, a shekarar kuma ya je Indiya ya ɗauki mawaƙan can. Ya san cewa tara makaɗa ɗari a ɗakin ɗaukar sauti domin kiɗa mai wuya irin wannan zai ci kuɗin da ba za a mayar ba. Amma tun da ƙungiyar za ta yi gwaji sau da yawa kafin ranar wasa, injiniyoyinsa za su sami damar daidaita makirfo da auna ƙarfin sauti ba tare da ƙarin kuɗi mai yawa ba.

A lokacin ba a fara ɗaukar irin wannan aiki a kan zaren kaset ba. Allura ce ke yanka sauti kai tsaye a kan faifan kaki mai laushi, wanda ke juyawa sau 78 a minti guda, fuska ɗaya kuwa ba ta ɗaukar fiye da minti huɗu da 'yan kai. A ɗakin ɗaukar sauti makaɗa sukan tsaya a canza faifai. A gaban jama'a ba halin tsayawa. Don haka aka girka injuna biyu, in wannan ya kusa cika sai a juya wa wancan, wani kuma yana bin takardar kiɗa da ido yana ba da alama daidai inda ya dace a yanke. Da allura ta kauce sau ɗaya, ko kaki ya tsage, da aikin duka ya lalace, domin ba sakewa. Aka yi sa'a. A babban zauren Musikverein, wanda aka buɗe a 1870, aka sami fuska 20, watau faifai 10, kimanin minti 70 ke nan. Wannan shi ne karo na farko da aka ɗauki Simfoni ta Tara a faifai.

A kujerar farko ta masu goge, dama da hannun hagun Walter, wani dattijo ne mai shekara 74 yake zaune, sunansa Arnold Rosé. Shi ne sarkin goge, watau wanda sauran makaɗa ke bin hannunsa, kuma shi ke kaɗa wuraren da aka keɓe wa goge guda. Tun 1881, yana ɗan shekara 17, yake riƙe da wannan kujera a gidan opera na Biyana, inda ƙungiyar Filharmonik ke samo makaɗanta. Daɗin daɗawa surukin Mahler ne, gama a 1902 ya auri Justine, ƙanwar Mahler. Duk inda aka ji goge guda ya ɗaga murya sama da sauran a faifan nan, hannun Rosé ne.

Kwana 55

Ba za a ce mutanen zauren nan ba su san ana cikin haɗari ba. 'Yan Nazi sun kashe shugaban gwamnatin Ostiriya, Engelbert Dollfuss, a Yulin 1934, kuma ko da yake jam'iyyarsu haramtacciya ce a ƙasar, wasu daga cikin makaɗan da ke kan dandamali sun riga sun shige ta a ɓoye. Ran 12 ga Fabrairu, 1938, Hitler ya kira sabon shugaban gwamnati, Kurt Schuschnigg, ya gindaya masa sharuɗɗa. Ran 12 ga Maris sojojin Jamus suka ƙetare iyaka, kashegari aka haɗe Ostiriya da Jamus. Tsakanin wasan da shigowar sojoji kwana 55 ne.

Hausawa kan ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A wannan shekara aka kori makaɗa 13 daga ƙungiyar, yawancinsu saboda asalinsu na Yahudawa, Rosé na cikinsu, bayan shekara 57 a kan kujerarsa. Binciken da ƙungiyar da kanta ta sa masana tarihi suka yi, wanda aka bayyana a 2013, ya nuna cewa in an haɗa da tsofaffin makaɗa uku da suka riga suka yi ritaya, mutum 16 abin ya shafa: biyar sun mutu a sansanonin gwale-gwale ko wuraren da aka tura su, biyu sun mutu a Biyana cikin ƙunci, tara sun yi gudun hijira. Binciken ya kuma nuna cewa a 1942, makaɗa 60 cikin 123 'yan jam'iyyar Nazi ne. Titin da aka sa wa sunan Mahler kusa da gidan opera ma sai da aka canza masa suna.

Walter yana ƙasar Holan yana aiki sa'ad da abin ya faru, bai koma ba. Aka tsare 'yarsa Lotte a Biyana, ya yi ta fafutuka har aka sake ta. A Faris ne Gaisberg ya same shi da faifan gwaji, domin doka ce sai jagoran makaɗa ya saurara ya amince kafin a buga. Gaisberg ya ba da labari cewa ya tarar da mutum mai shekara 61 wanda ya rasa gida da aiki, amma da kiɗan ya tashi sai fuskarsa ta washe. Shi kuwa Walter daga baya ya nuna bai gamsu da faifan ba, yana mai cewa hankalinsa duk yana kan 'yarsa sa'ad da ya saurara. Aka fitar da faifan a Ingila da Amurka. A garin da aka ɗauke shi kuwa ba dama a sayar da shi. Faransa ta ba Walter takardar zama ɗan ƙasa, amma a ƙarshen 1939 ya wuce Amurka.

Hanyar Alma Rosé

Arnold Rosé yana da 'ya mai suna Alma, wadda aka haifa a 1906, ita ma gwanar goge. A 1928 ita da mahaifinta suka kaɗa wani kiɗan Bach na goge biyu aka ɗauka a faifai, shi ne sautin hannunta da ya rage wa duniya. A 1932 ta kafa ƙungiyar makaɗa ta mata zalla, wadda ta zaga ƙasashen Turai. Bayan mahaifiyarta Justine ta rasu a Agustan 1938, Alma ta yi ƙoƙari ta fitar da tsohon zuwa Landan a 1939. Da kuɗi suka yi musu ƙaranci, ta haye Holan don ta yi kiɗa ta riƙa aiko masa da abin masarufi. A can mamayar Jamus ta Mayun 1940 ta rutsa da ita. Ta ci gaba da kiɗa a gidajen mutane a asirce, har Disamban 1942, lokacin da ta yi ƙoƙarin ratsa Faransa zuwa Suwizalan. Aka kama ta a Dijon, aka kai ta sansanin Drancy a bayan garin Faris.

Drancy ne matattarar da ake tara Yahudawan Faransa kafin a tura su gabas. Daga cikin mutum kimanin 76,000 da aka kwashe daga ƙasar, wajen 63,000 ta nan suka bi. Tun daga Maris 1942 ana ɗora su a jirgi a tashar Le Bourget. Amma da tsakiyar 1943 wani hafsan rundunar SS mai suna Alois Brunner, shi ma ɗan Ostiriya wanda ya fara wannan aiki a Biyana, ya karɓi sansanin, ya mai da lodin zuwa Bobigny. Tashar Bobigny tana kan layin dogon da ya kewaye Faris, an daina ɗaukar fasinja a cikinta tun 1939, ga fili da dogon layin lodi inda motoci za su tsaya dab da taragai, ga kuma nisa da idon jama'a. A wancan lokaci garin yana da asibitin da aka buɗe domin Musulmi a 1935, wanda yau ke ɗauke da sunan Ibn Sina, da kuma maƙabartar Musulmi ta 1937.

Jirgi na farko da ya tashi daga Bobigny shi ne ayari mai lamba 57, ran 18 ga Yuli, 1943, ita ma ranar Lahadi ce. Mutum kimanin dubu aka cusa cikin taragan kaya, Alma Rosé tana cikinsu. Daga ran nan zuwa Agustan 1944 ayari 21 suka tashi daga tashar, ɗauke da mutum kusan 22,500, yawancinsu zuwa Auschwitz a ƙasar Folan da ke hannun Jamus. Daga kowane lungu na Faransa ake kawo su. Ran 6 ga Afrilu, 1944, bisa umarnin Klaus Barbie, shugaban 'yan sandan Gestapo na Liyon, aka kama yara 44 da manya 7 a wani gidan renon yara a ƙauyen Izieu, aka kwana da su a kurkukun Montluc na Liyon, aka wuce da su Drancy. Yawancinsu sun bar Bobigny ran 13 ga Afrilu cikin ayari na 71, tare da wata budurwa 'yar shekara 16 wadda duniya ta sani daga baya da suna Simone Veil, shugabar Majalisar Turai. A 1987 kotun Liyon ta yanke wa Barbie ɗaurin rai da rai. Brunner kuwa ya tsere Siriya, sai a bayan idonsa aka yi masa hukunci.

A Auschwitz aka gane ko wace ce Alma, aka ba ta jagorancin ƙungiyar makaɗa ta mata fursunoni a sansanin Birkenau. Aikin ƙungiyar shi ne kiɗan maci a bakin ƙofa, safe da yamma, sa'ad da ake fita da fursunoni aikin tilas da sa'ad da ake dawo da su, sai kuma wasa domin masu gadi. Ta tarar da 'yan mata waɗanda yawancinsu ba ƙwararru ba ne, da tarkacen kayan kiɗa da ba su dace da juna ba. Ta sake rubuta kiɗa daidai da abin da ke hannu, ta tsananta gwaji daga safe har yamma, ta kuma ƙara yawan 'yan ƙungiyar zuwa wajen hamsin, domin ta san duk wadda ta shiga an ɗage mata ɗakin iskar guba muddin kiɗan yana gamsar da masu iko. Wata mawaƙiya daga Faris, Fania Fénelon, wadda ita ma ta bi ta Bobigny a Janairun 1944, ta wallafa littafi a 1976 ta zana Alma a matsayin mai taurin zuciya. Sauran waɗanda suka tsira, musamman Anita Lasker-Wallfisch mai babban goge, suka musanta, suka ce tsananin nan shi ya raya su. Alma ta rasu a farkon Afrilun 1944 bayan gajeriyar rashin lafiya, tana da shekara 37. Kusan dukan matan ƙungiyarta sun ga ƙarshen yaƙi. Mahaifinta ya rayu har ya sami labari, ya rasu a Landan a Agustan 1946. An rubuta sunanta a kan kabarin iyayenta a maƙabartar Grinzing ta Biyana, inda Mahler yake kwance.

Abin da kunne ke ji

Wanda ya saurari faifan 1938 zai lura da sauri. Kashi na huɗu minti 18 ya ɗauka, alhali jagorori da yawa na baya sukan kai minti 25 ko fiye. Shi kansa Walter, da ya sake ɗaukar simfonin a ɗakin ɗaukar sauti a Los Angeles a 1961, shekara guda kafin rasuwarsa, ya ƙara wajen minti goma a kan tsawonta duka. A kashi na uku ana jin makaɗan Biyana suna neman kuɓuce wa juna. Masu sharhi da yawa sun ce tsoron abin da ke tafe ne ke cikin wannan gaggawa.

Wajibi ne a yi hattara da wannan fassara. Jagororin wancan zamani sun saba tafiya da sauri fiye da na yanzu, wasan gaban jama'a kuma kullum yakan fi na ɗaki zafi. Ba kuma wanda ya san ran 16 ga Janairu abin da ran 12 ga Maris za ta kawo. Mai sauraro na yau shi ya san ƙarshen labari, shi ke ɗora shi a kan sautin. Abin da faifan ya tabbatar ya fi wannan sauƙi, ya kuma fi shi nauyi: mutanen da za a kora, da waɗanda za su zauna a kujerunsu, da waɗanda za su sa hannu a korar, sun zauna kafaɗa da kafaɗa minti 70, suna sauraron juna da iyakar kulawa, suna numfashi tare, suna kaɗa kiɗan Bayahuden da aka riga aka haramta a ƙetaren iyaka. Gwanintar da ta haɗa su ba ta kare kowa ba bayan mako takwas. Walter da ƙungiyar ba su sake haɗuwa ba sai a bikin Edinbara na 1947, kuma kiɗan Mahler suka kaɗa.

Tashar Bobigny kuwa, bayan yaƙi, wani mai sayen tsofaffin ƙarafa ne ya mamaye filinta shekaru da yawa, abin da ya sa gine-ginen da layin dogon suka tsira daga rushewa. A 2005 aka sa ta cikin wuraren tarihi da doka ta kare. A Janairun 2011 shugaban kamfanin jiragen ƙasa na Faransa, Guillaume Pepy, ya tsaya a wurin, Simone Veil tana zaune, ya amsa rawar da kamfanin ya taka wajen jigilar. An yi bikin buɗe ta a matsayin wurin tunawa ran 18 ga Yuli, 2023, shekara 80 cif da tashin ayari na 57.

Faifan Biyana bai daina yawo ba. An mai da shi kan manyan faifai masu dogon zango, sa'an nan kan faifan CD, yau kuma ana samunsa a intanet. Duk da ƙarar allura da tarin 'yan kallo na tsakiyar hunturu, a mintocin ƙarshe na fuska ta 20 ana jin gogunan da Arnold Rosé ke jagoranta suna sassautawa, suna bin umarnin surukinsa har sautin ya ɗauke.